Kada A Kwance Ɗori Kafin Ƙashi Ya Kama

Kowace shekara idan 26 ga watan Yuni ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi, sai gangami ya tashi: jami'an NDLEA a kan titi, jawabai a rediyo, malamai a kan mumbari. Tun da aka ƙaddamar da shirin WADA na yaƙi da shan ƙwaya a 2021, zamanin shugabancin Janar Buba Marwa a NDLEA, kira ɗaya ake ta nanata wa iyaye, cewa wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye ya kai shi a yi masa magani. Alhamdu lillahi, kiran ya fara shiga kunne, har a nan Gangaren Tudu da sauran unguwannin Keffi. Sai dai an sha kai yaro asibiti da kuka da addu'a, kafin wata ya cika a gan shi a tsohuwar majalisarsa. Wannan takarda domin wannan matsala aka rubuta ta.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka taɓa ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Cikin kowane biyar, ɗaya abin ya riga ya zame masa ciwo, ba ya iya bari da kansa. Keffi kuwa gari ne na jami'a, kuma a bakin hanyar Abuja yake, don haka duk abin da ya shigo Mararaba da Masaka ba ya kwana biyu bai iso mu ba. An hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayu na 2018, amma wa zai ce ya ɓace? Ga taramol mai lamba 225, alhali 50 da 100 kaɗai NAFDAC ta amince da su.

To, a saurara da kyau, domin nan ne haɗarin yake.

Makon farko na barin taramol ko kodin azaba ce. Yaro zai yi ta hamma, hanci na zuba, ido na hawaye, gumi na karyo masa ga kuma sanyi. Gudawa, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace masa. Abin kan tsananta a kwana na biyu da na uku, sannan ya fara lafawa wajen mako guda. Wasu a nan suke tsallake katangar asibiti. Amma ba su ne suka fi tayar wa ma'aikatan lafiya hankali ba, domin kowa ya ga mai gudu cikin wannan hali ya san ba shi da lafiya. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ya haye wannan mako lafiya.

A mako na biyu ko na uku uwa za ta zo dubiya da kwanon tuwo. Ta tarar da ɗanta ya yi wanka, ya yi aski, fuska ta washe, ya cinye tuwon tas har yana neman ƙari. Ya durƙusa ya ce, “Inna, wallahi na tuba, ku mai da ni gida, nan wurin mahaukata ne.” Kuma ba ƙarya yake yi ba, a wannan lokacin har zuciyarsa ya tuba. Uwa ta koma ta ce wa maigida, “Malam, yaron nan fa ya warke, har ƙiba ya yi.” Uba kuwa dama yana ta lissafin kuɗin gado da na magani. Washegari sai ga shi gaban likita: “Likita, a sallame mu haka nan, sauran sai addu'a.” A yi masa bayani ya ƙi ji, a miƙo takarda ya sa hannu cewa shi ya ɗauke ɗansa ba da yardar asibiti ba.

Ya ku iyaye, wanene cikinku bai taɓa ganin ɗori ba? Yaro ya faɗo daga kan mangwaro ya karye, a kai shi wurin maɗori, a ja ƙafar yana ihu, a jera karare a naɗe. Kwana goma kumburi ya saɓe, zogi ya tafi, yaro ya fara cewa ƙaiƙayi kawai yake ji, a kwance masa ya je ƙwallo. Akwai uba mai hankali da zai kwance? Babu. Kowa ya san ciwo ne ya tafi, ƙashi bai kama ba tukuna, yana can ciki ɗanye kamar rogon da ba a gama dafawa ba. Maɗori zai ce a bari sai kwana arba'in, kuma ko an kwance ba a sakin yaro ya ruga. Da sanda zai fara, yana dafa bango, ana gasa ƙafar da ruwan ɗumi safe da yamma. In aka yi gaggawa ya taka da ƙarfi, karaya ta biyu ta fi ta farko muni, wani sa'in ƙafar ta gurgunce har abada. Ƙwaƙwalwar da ta shekara uku tana jiƙe da ƙwaya haka take. Fitar dafi daga jini saɓewar kumburi ne kawai. Kamawar ƙashi ita ce watannin da za a ɗauka ana zama da mai ba da shawara, yaro yana koyon yadda zai kwana ba ƙwaya, ya yi fushi ba ƙwaya, ya wuce ta gaban dila bai tsaya ba. Masana a Amurka sun daɗe da gano cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. Me ya sa muke yi wa ƙafa haƙurin da ba ma yi wa kai?

Ga kuma abin da yawancin iyaye ba su sani ba, alhali shi ke kisa. Mai shan ƙwaya kullum jikinsa kan saba, har ya riƙa haɗiye abin da zai kwantar da ƙato uku. Idan ya yi makonni bai sha ba, wannan sabo ya zube. Ranar da ya koma majalisa, abokai suka ce, “Kai, an ce ka zama ustaz, ɗan taɓa mana,” hannunsa adadin da ya saba zai ɗiba, jikinsa kuwa ba na da ba ne. Sai jijjiga ta kama shi, ko ya kwanta yana wani irin minshari, numfashi na raguwa, mutanen gida na cewa barci yake yi. Da asuba a tashe shi salla a ji shiru. Sai a ce kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa rai na Allah ne, amma sakaci ma za a tambaye mu a kansa. Wanda ya fito daga jinya rabi da rabi ya fi kusa da wannan haɗari fiye da ranar da aka kai shi.

Kuma in ya koma bai mutu ba, kada a ce an sallama shi ga duniya. Cikin masu jinyar shaye-shaye, kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan zame aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakaci da maganinsu, kuma ba mu taɓa jin an kori tsoho daga gida don jininsa ya sake hawa ba. Allah da ya halicce mu, mataki-mataki ya haramta giya, bai yanke ta rana ɗaya ba. Ya zo a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya la'ance shi don yawan komawarsa. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. To kai wanene da za ka tsine wa ɗanka a karo na biyu? Abin kunya ne a ga dattijo ya sayar da gona domin biki, amma kuɗin mota zuwa ganin likita sau ɗaya a wata ya gagare shi.

Sauran dalilan a taƙaice. Akwai tsada da nisa, domin manyan asibitocin wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna, ba kusa suke ba. A fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi, likita ya duba ya faɗi inda ya dace. Akwai zaman banza: wanda ya dawo ba sana'a, ba makaranta, majalisa ce za ta ɗauke shi aiki. Akwai gori, a ci gaba da kiransa ɗan ƙwaya ko ya shekara bai sha ba, a hana shi mata, a ɓoye waya in ya shigo. Akwai 'ya'ya mata, waɗanda binciken nan na 2018 ya ce su ne ɗaya cikin kowane masu sha huɗu, amma sai a kulle su a ɗaki don kada maƙwabta su ji. Sai gidajen mari: an ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, da yawansu cikin sarƙa. Wanda aka ɗaure ya daina sha ne don hannunsa bai kai ba.

Masu zama a jinya har ƙarshe, in ka duba, kusan duk akwai mutum ɗaya a bayansu: kawu, ko yaya, ko gwaggo, wanda ke riƙe katin asibiti, ya san ranar komawa, ya raka shi, ya zauna a benci ya jira. Kowane gida ya fitar da wannan mutum tun kafin a tafi. Limamai da fastoci da masu unguwa su riƙa tambayar iyaye, “Yaushe zai koma ganin likita?” maimakon “Ya ya ji da jiki?” kaɗai. Mai shan roci ko diyazafam kada a yanke masa lokaci ɗaya a gida, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. In kuwa aka tarar da wanda ya dawo daga jinya kwance ba ya farkawa, leɓensa ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tsaya watsa ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalba ko fakitin da aka gani kusa da shi domin likita ya san abin da ya sha.