DARMA DA GYARAN JIKIN MOTA

Darma ƙarfe ce mai nauyi, mai taushi. Ba ta da wuyar narkewa. Kun san ta a hannun masu liƙin lagireto da masu gyaran batir a tashar Isa da ta Sabon Birni.

A da, a Turai da Amurka, in jikin mota ya lotsa, da darma ake cike gurbin. Akan haɗa darma kashi 70 da kuza kashi 30. Mai gyara ya tausasa ta da wuta, ya shafe wurin, ya goge, sa'an nan ya yi fenti. Daga wajen 1955 aka fara samun fila irin ta roba, ta karɓe aikin. Amma har yau masu raya tsofaffin motoci suna amfani da darma, don tana da ƙarko.

To, jama'a, ku lura. Darma guba ce. Ƙurarta ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Tana shiga jiki ta hanci da ta baki. Babba yakan yi ciwon ciki da ciwon kai da kasala. Mai ciki tana iya yin ɓari. Yaro kuwa, ƙwaƙwalwarsa take taɓawa.

Mun ga haka a maƙwabtanmu. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, mutane suka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Ashe dutsen da darma a cikinsa. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar da ta kashe su, irinta ce ke manne a rigar mai gyaran mota. In ya shiga gida da ita ya ɗauki ɗansa, ya kai masa cuta da hannunsa.

Ga abin da mai wannan aiki zai kiyaye:

1. Ya yi aiki a fili, inda iska ke kaɗawa. Kada ya cika wa darma wuta.
2. Ya goge da magagari. Kada ya sa inji, gama inji yana ta da ƙura.
3. Ya rufe hanci da baki da abin tace ƙura na gaske. Rawani bai isa ba.
4. Kada ya ci goro ko ya sha fura sai ya wanke hannu da sabulu.
5. Ya yayyafa ruwa kafin shara. Ya tara ɓarɓashin a gwangwani mai murfi.
6. Ya tuɓe kayan aiki, ya yi wanka kafin ya koma gida.
7. Kada yara su zauna a wurin. Kada a narka darma a tukunyar abinci.

Wanda ya daɗe a wannan sana'a, ya tafi asibiti a auna jininsa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Ta ina darma ke shiga jiki?
2. Me ya sa magagari ya fi inji?
3. Yaya ƙurar darma ke isa gida?