Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Ƙira na Gado

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana neman bayanin ƙarafan da ya gada a maƙerar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa.

To Malam, bisa siffar da ka bayyana, dunƙulen nan mai nauyi da ake kafewa a ƙasa shi ne uwar maƙera, wadda a kanta ake dukan ƙarfen da ya yi ja da masaba, alhali an riƙe shi da awartaki. Guntun nan mai kaifin baki kuwa kurfi ne, na yankan ƙarfe. Da kayan ƙanana ne ƙwarai, da sai mu ce marigayin maƙerin fari ne, ma'abocin aikin azurfa. Busasshiyar fatar akuyar nan kuma kada ka yar, ragowar zugazugi ce.