Gubar Dalma a Ruwan Makaranta: Gargaɗi ga Iyaye da Malamai

Jama'a, akwai gubar da ba ta sauya launin ruwa, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Sunanta dalma. A shekarar 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta sake ɓulla a Rafi ta Jihar Neja. A can, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta kawo ta. Amma ruwan sha ma hanyarta ce, kamar yadda ya faru a garin Flint na Amurka daga 2014.

Yaya take shiga ruwa?

Ruwa na iya baro madatsar Gubi a tace, ya gamu da dalma a hanya kafin ya iso makarantun Bauchi: a tsohon bututu, a mahaɗin da aka liƙe da dalma, ko a kan famfo na tagulla. Idan ruwan ya kwana a ciki, sai ya jiƙa ta. Rijiyar da ke kusa da masu fasa tsohon batir ko wurin haƙar ma'adinai ita ma abin lura ce.

Me ya sa yara?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin yaro kan tsotsi dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta jawo ƙarancin jini. Sau da yawa yaron bai kwanta ciwo ba, karatu ne kawai yake gagararsa, a yi ta ce masa daƙiƙi.

Me za a yi?

Na ɗaya, a auna ruwan. A ɗebi na kowane famfo da yara ke sha, da sassafe kafin kowa ya buɗe shi. Hukumar ruwa ta jiha za ta iya nuna ɗakin gwajin da ya dace. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta hana dalma ta wuce maikurogiram 10 a kowace lita.

Na biyu, famfon da ya zarce wannan awo a rufe shi har a sauya shi, sannan a sake gwaji.

Na uku, ranar Litinin da ranar dawowa hutu, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci kafin a sha.

Na huɗu, kada a dogara da tafasawa. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma.

Ya ku iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba ku tambayi hedimasta: yaushe aka auna ruwan makarantar nan, ina kuma takardar sakamakon? In ba a taɓa yi ba, kada a tashi sai an tsayar da ranar awo da wanda zai kai ruwan.