Yadda ake auna wa yaro kallon waya da marafan gora

Yaro ɗan shekara huɗu bai san minti goma ba. In aka ce masa saura kaɗan ya ajiye waya, abin da ya fahimta kawai shi ne za a raba shi da abin da yake jin daɗi, sai kuka da birgima. Amma ya san abin da ke tafin hannunsa, ya san in ya ƙaru, ya san in ya ragu. Don haka sai a mayar masa da lokacin kallo abin da zai riƙe ya ƙirga.

Da farko uwa da uba su yanke adadin tsakaninsu. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, in bai kai ba ma ya fi. Awa ɗayan nan ita ce iyaka, kuma ta haɗa da talabijin ɗin falo da wayar yayansa.

Sai a nemo marafan gorar ruwa ko na lemo da dama, a wanke su, kowanne ya tsaya a matsayin minti goma, shida ne rabon yini ɗaya. A zaɓi manya, a kuma kawar da su daga inda mai rarrafe zai kai hannu, domin komai baki yake kaiwa. A samo gwangwani biyu: ɗaya na Umma, inda ake biya, ɗaya na yaron, asusunsa ke nan.

Kowace safiya bayan karin kumallo a zube masa shidan a tabarma. Nan karatun yake, kada a yi gaggawa. Ya taɓa kowane marfi da yatsa yana faɗin lambarsa, ɗaya bayan ɗaya. Yara da yawa sun haddace ƙirga har ashirin kamar waƙa, amma in aka ba su abu shida sai su tsallake ɗaya ko su ƙirga ɗaya sau biyu, kuma ba su gane cewa lambar ƙarshe da suka faɗa ita ce yawan abin gaba ɗaya ba. In ya gama a tambaye shi: "To, nawa ke nan?" Wata rana a jera su a layi, wata rana a tara su wuri guda, har ya gano cewa shida shida ce ko yaya aka ajiye ta.

In yana son kallo, ya biya kafin a miƙa masa waya. "Umma, ga biyu." Ta karɓa, ta ce ya duba nawa suka rage masa. Ya shiga ɗebewa ke nan ba tare da allo ba. Sai a saita ƙararrawar waya a minti ashirin, shi zai danna da hannunsa. In ta kaɗa an gama, kuma ƙararrawa ce ta raba shi da kallon, ba uwarsa ba. Kwanakin farko zai yi kuka, ba makawa. A rarrashe shi, a ba shi wani abin wasa, amma kada a ƙara ko minti ɗaya, domin ranar da kuka ya sayi lokaci marafan sun tashi aiki.

Akwai lokutan da ba a karɓar marfi ko nawa yake da su: lokacin cin abinci, lokacin islamiyya, da awa ɗaya kafin barci. Abin da zai kalla kuma babba ne zai zaɓa, ya zauna kusa da shi in da hali.

Abin da ya rage da yamma shi ne ajiya. Ya ƙirga ya zuba a asusunsa, ran Juma'a a buɗe. A ganina kada a mayar da ajiyar nan kallo gaba ɗaya, don kada ya tara goma sha biyar ya wuni a kan waya. A ba shi zaɓi: marfi biyar littafin zane, goma fita da Abba. Zai tsaya yana auna kallon yau da littafin Juma'a, kuma tsayawar nan ita ce farkon tsimi da tanadi.

Abu biyu nake roƙon iyaye su kiyaye. Kada a ba shi bashin marafan gobe. Kada kuma a ƙwace ajiyarsa don ya yi laifi; in ya ga abin da ya tara bai tsira ba, gobe zai cinye shidan tun da hantsi. A gidan yawa sai an sanar da kowa, musamman kaka, wadda ba ta jure kukan jika, da 'yan mata masu miƙa masa waya don ya bar su su yi aiki. Uban da ke latsa waya a kan tabarmar abinci shi ma doka ta hau kansa.

In ya kai shekara 6 ko 7 sai a ƙara wahalar lissafin. Marfi ya koma minti biyar, a kawo babban marfi mai wata kala wanda ke daidai da ƙanana huɗu, ya biya da babba a ba shi canji. Daga nan a kawo kuɗi na gaske. A ba shi kuɗin tara na kwana biyu a haɗe, ₦50 guda huɗu misali, ya raba na yau da na gobe da na asusu da kansa. In ya saba, a mayar da shi na mako guda.