Daga Contra zuwa eFootball: Me ake kewa a tsofaffin wasannin Konami?

Duk inda matasa suka haɗu suna buga eFootball a waya, da wuya a rasa wani babban yaya da zai leƙo ya ce shi a wurinsa ƙwallon gem ta ƙare tun a PES 6. Idan kuma ya ƙara manyanta, sai ya ɗauko labarin Contra, lokacin da ake zama gaban talabijin da kaset mai ruwan ɗorawa, ana hura masa iska da baki idan ya ƙi tashi. Wasannin nan duka na kamfani ɗaya ne, Konami na ƙasar Japan. Shin da gaske na da sun fi, ko dai ƙuruciyarsa mutum yake kewa? Amsar tana cikin yadda aka ƙera su da kuma yadda ake samun kuɗi da su.

Kagemasa Kozuki ne ya kafa Konami a 1969 a yankin Osaka, kuma sana'arsa ta farko ba gem ba ce. Haya da gyaran akwatunan kiɗa yake yi, irin waɗanda ake zura wa sulalla su saka waƙa. Daga nan kamfanin ya koma ƙera injinan wasa, su ma na zura sulalla: Frogger da Scramble a 1981, Gradius a 1985, Contra a 1987. Wannan asali yana da muhimmanci, domin injin da ke cin sulalla ba ya son mutum ɗaya ya daɗe a kansa. Ribar mai shago ita ce ɗan wasa ya ji daɗi na 'yan mintuna, ya mutu, ya ji saura ƙiris ya wuce, ya sake zura kuɗi. Wahalar da ake yaba wa tsofaffin wasanni a yau, rabinta fasaha ce, rabinta kuwa lissafin kasuwa ne.

Contra da rai uku

Contra da aka fi sani ita ce ta na'urar gida ta Nintendo, wadda ake kira Famicom a Japan, NES a Amurka, kuma ta fito a 1988. Sojoji biyu ne, Bill da Lance, matakai 8, rai 3, kuma harsashi ɗaya ya isa ya kashe mutum. A ƙasar Hausa yawanci ba ainihin na'urar Nintendo aka sani ba, kwaikwayonta ne masu araha, da kaset ɗin da ke iƙirarin ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban.

Na'urar tana da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobayit 2 kacal. Wayar da ke da gigabayit 4 ta ninka ta wajen sau miliyan biyu. Kaset ɗin Contra na Amurka kilobayit 128 ne, bai kai girman hoto ɗaya da kyamarar waya ke ɗauka ba. Sannan na'urar ba ta iya nuna abubuwa masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya na allo, shi ya sa hotuna ke ƙyaftawa idan abokan gaba suka yi yawa. Da irin wannan ƙunci ba a da wurin ɓoye aibi. Babu dogon fim a tsakiya, babu taswira mai faɗi. Abin da ya rage wa masu ƙira shi ne tsalle, harbi, da inda za a ajiye kowane abokin gaba, don haka nan suka zuba ƙoƙarinsu. Wanda ya danna tsalle a Contra, a take sojan yake tashi, kuma idan ya mutu ya san kuskurensa ne. Wannan ɓangare na yabon gaskiya ne, kuma duk wanda ya gwada wasan a yau zai ji shi a yatsunsa.

Wasan mutum biyu shi ne ya fi zama a zukata. A mataki na uku, inda ake hawa gefen ruwa mai zubowa, idan ɗaya ya yi gaggawar hayewa sama, allo zai bi shi ya bar na ƙasa ya mutu. Wanda ransa ya ƙare kuma yana iya ɗaukar ɗaya daga na abokinsa ba tare da ya nemi izini ba. An yi faɗan wa da ƙane da yawa a kan wannan.

Akwai kuma sanannen sirrin nan: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. A Contra yana mayar da rai 3 zuwa 30. Ba don Contra aka ƙirƙire shi ba. Kazuhisa Hashimoto ne ya saka shi a 1986 lokacin da yake mayar da Gradius zuwa na'urar gida, saboda wasan ya yi masa wuyar da ya kasa gwada shi har ƙarshe, kuma aka sayar da kaset ɗin ba a cire ba. Hashimoto ya rasu a 2020. Wato ma'aikacin kamfanin ma sai da ya nemi sauƙi, don haka mai cika baki da wahalar wasannin da, ya kamata a tambaye shi ko da rai uku ya gama.

Metal Gear ta 1987 ma ƙunci ne ya haife ta. An ba Hideo Kojima aikin wasan yaƙi a kwamfutar MSX2, wadda ba ta iya nuna harsasai da sojoji masu yawa lokaci guda. Sai ya juya tsarin, ya zama aikin ɗan wasa shi ne ya laɓe ya wuce ba a gan shi ba. Daga nan aka samu Metal Gear Solid a PlayStation a 1998.

Zamanin Winning Eleven

A gidajen gem na unguwanni, sunan Konami ya fi haɗuwa da ƙwallo. Winning Eleven ta fara a PlayStation a 1995, sunan Pro Evolution Soccer kuma ya zo a 2001 don kasuwar Turai. Abokiyar hamayyarta, FIFA ta kamfanin EA, ita ke da lasisin mafi yawan ƙungiyoyi, don haka a PES sai a ga Man Red maimakon Manchester United, Merseyside Red maimakon Liverpool, har da wani ɗan baya na Brazil mai suna Roberto Larcos. Masu haƙuri kan zauna su gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya su adana a katin ajiya. Abin da ya riƙe mutane shi ne yadda ƙwallon ke yawo: ba ta manne wa ƙafa, tana iya bugun wani ta canza hanya, kuma da wuya ci biyu su zo iri ɗaya.

'Yan Najeriya suna da nasu rabon a wannan tarihi. Tijani Babangida, haifaffen Kaduna da ya buga wa Ajax, yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa gudu a wasannin wancan lokaci, har 'yan gem a ƙasashe da dama suka haddace sunansa ta wannan hanya. A Master League kuwa, mutum na farawa ne da 'yan wasan ƙage marasa ƙarfi irin su Castolo da Minanda, ya ci wasa ya tara maki, ya sayi gwanaye a hankali. Ba a biyan ko kwabo bayan kuɗin faifai.

Sai dai kewa tana da mantuwa. Alƙalin wasan PES 5 yana hura usur a kan taɓawa kaɗan. A PES 6 ta 2006, Adriano na Inter yana da ƙarfin shuri 99, kuma ba ƙwarewa ake buƙata ba kafin a ci da shi daga nesa. Da yawa daga abin da ake tunawa da daɗi ba a cikin faifan yake ba, a benci yake: abokin karawa yana gefe, 'yan kallo suna ihu, wanda aka ci ya miƙa fad ya tashi.

Abin da ya canza

A ranar 30 ga Satumba 2021 Konami ta ajiye sunan PES ta fitar da eFootball 2022 kyauta. Ta fito da kurakurai masu yawa, babu Master League, kuma ta zama cikin wasannin da suka fi samun mummunan sharhi a dandalin Steam. An gyara abubuwa da dama daga baya, kuma dole a faɗi alherinta: yaron da ba shi da kuɗin PlayStation yana iya buga ta a wayarsa da mutum a wata nahiya. Amma tsarin kuɗinta ya koma gidan jiya. Shiga kyauta ne, gwanayen 'yan wasa kuma sau da yawa sai an kashe sulallan cikin wasa a kan zaɓen sa'a, kuma hanya mafi sauri ta samun sulallan ita ce saye da kuɗin gaske. Injin zura sulalla ne ya dawo, wannan karon a aljihu.

Bambanci na biyu shi ne mallaka. Faifan PES 6 yana aiki har yau idan akwai PlayStation 2 mai rai. PES 2021 ta waya kuwa, a 2022 aka sabunta ta ta koma eFootball, ko mai wayar ya so ko bai so ba.

Ga mai son gwadawa a waya

Hanya mafi tsabta ita ce abin da kamfanin ya fitar da kansa. Castlevania: Symphony of the Night ta 1997 ta zo Android da iPhone a 2020, ana sayenta sau ɗaya. A 2019, cikar Konami shekara 50, an tattara tsofaffin Contra da Castlevania don kwamfuta, PlayStation 4, Xbox One da Switch.

Abin da ya fi yawo a wayoyin matasa shi ne fayilolin da ake kira PES ta PPSSPP, masu ɗauke da shekarar bana a sunansu. PPSSPP manhaja ce ta gaskiya da ke kwaikwayon na'urar PSP, tana Play Store kyauta. Amma PES ta ƙarshe da Konami ta yi wa PSP ita ce PES 2014. Duk wadda aka rubuta wa shekara bayan wannan, tsohon wasa ne da wasu suka sauya wa riguna da sunaye, ba tare da izinin masu haƙƙinsa ba. Haɗarin kuma yana wurin saukewa. Wasan PSP yana zuwa ne a fayil mai ƙarewa da ISO ko CSO, wani lokaci a dunƙule cikin ZIP. Idan shafi ya ce sai an girka wani APK kafin wasan ya buɗe, ko manhajar ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, to a tuna cewa ta nan banki ke turo lambar sirri.

Wasanni irin Contra ba su jituwa da maɓallan kan gilashi, domin yatsa ba ya jin inda sama ta ƙare dama ta fara. Fad na Bluetooth, ko na waya da aka haɗa ta OTG, yana canza wasan gaba ɗaya. Manhajojin kwaikwayo kuma suna barin mutum ya adana wasa a kowace daƙiƙa ya koma idan ya mutu, abin da na'urar 1988 ba ta da shi. Mai son sanin abin da babban yayansa ke nufi sai ya bar wannan maɓalli, ya fara da rai uku, ya ga ko zai kai matakin ruwa.