FIJON BABA DA KE RUƁEWA A ƘOFAR GIDA



'Yan uwa, duk wanda ya saba bin hanyar Ƙaraye zuwa Rogo ya san irin motar da nake nufi: tsohuwar Fijo 504, ko a-kori-kura, an ɗora ta a kan duwatsu, tayoyi sun zagwanye, kaji na ƙwai a ciki. Irin waɗanda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna tun 1975. In ka tambaya sai a ce: "Ai motar Baba ce ta farko, ba za mu iya rabuwa da ita ba."

Ni ban ga laifin wannan ƙauna ba. Mu ma a gidanmu 504 ce ta farko. Ita ta kai iyayenmu mata asibiti da tsakar dare, ita ta kai yayyenmu ɗakin miji, har yau ina jin ƙamshin kujerunta a hancina. Kuma Annabi (SAW) da kansa, bayan yaƙin Badar, da 'yarsa Zainab ta aiko da sarƙar Nana Khadija don fansar mijinta Abul-As, yana ganin sarƙar tausayi ya kama shi ƙwarai. Kun ga kenan kaya suna tuna mana masoya, wannan halitta ce.

To amma fa a kula. Ranar da Baba ya rasu, motar nan ta zama gado. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ba maza da mata rabonsu, dukiyar kaɗan ce ko mai yawa. In ya bar 'ya'ya, matansa suna da tumuni a cikinta, ƙannenka mata da marayu ƙanana kowa da kasonsa. Kai babban wa da ka hana a taɓa ta saboda kewa, da haƙƙin wa kake kewar? Kullum damina tana cin kuɗinta, alhali an hana mu tozarta dukiya.

Mafita uku ce:

1. A kira masu sanin mota su yi mata kuɗi, wanda ya fi sonta ya saya ya biya sauran magada.
2. A sayar, a raba yadda Allah Ya tsara.
3. In magada duk baligai ne kuma sun yarda, a gyara ta a bayar sadaka don kai marasa lafiya asibiti, ladan ya isa ga mamacin. Kason yaro ƙarami kuwa ba a kyauta da shi.

Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Abin hawansa ya bayar don girmama uba. Mu kuma mun riƙe ƙarfe, mun manta aminan Baba da iyalan da ya bari.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya raba mu da haƙƙin wani. A tura wa 'yan uwa.