DARASIN LAFIYA: GANO SANKARA TUN TANA ƘARAMA

Darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon daji ne, wanda ake kira sankara ko kansa, musamman iri biyu da suka fi kama mata a Nijeriya: sankarar mama da sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a ƙasar nan, kuma kusan 8,000 suka rasu. Babban dalili shi ne ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki.

Me bincike ya nuna?

Da yawa muna zaton ba a gane wannan ciwo sai a babban asibiti mai manyan na'urori. Likitocin asibitin Tata da ke Mumbai a ƙasar Indiya sun gwada wannan magana. Tun daga 1998 suka bi mata kimanin 150,000 a unguwannin talakawa, suka kasa su gida biyu. Kashi ɗaya ana duba su duk bayan shekara biyu, ɗaya kashin kuwa wayar da kai kawai aka yi masu. Masu dubawar fa ba likitoci ba ne, mata ne masu ilimin sakandare da aka koya wa aikin. Da hannu suke duba mama, bakin mahaifa kuma su shafa masa ruwan khal, wato binega, su duba da fitila.

A 2013 aka bayyana cewa mutuwa daga sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 31 cikin ɗari a wajen waɗanda ake dubawa. A 2021 kuma aka buga sakamakon duban mama: an riƙa kama ciwon tun bai yi nisa ba, kuma a cikin matan da suka kai shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Kin ga ke nan, aikin da ya ceci rayukan nan bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti irin na Saulawa ko Hunkuyi ba, muddin an horar da ma'aikaciya. Abin da ya rage shi ne mace ta kai kanta.

Alamomin da ba a zama da su

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ki san yadda jikinki yake a kullum, don ki lura idan ya canza. Ki duba mamanki sau ɗaya a wata bayan kin yi wankan al'ada, ki haɗa har hammata. Ki je asibiti idan kika ga:

1. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mata da yawa.
2. Kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini.
3. Fatar mama ta yi kauri kamar ɓawon lemo, ko gyambon da ya ƙi warkewa.
4. Jini bayan kwanciyar aure, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan an daina al'ada.
5. Ruwa mai wari daga gaba wanda ya ƙi jin magani.

Yawancin ƙullutun mama ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Mai shayarwa ma ta kula: kumburin da aka sha magani bai saɓe ba, a koma a sake dubawa. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a tsaya shafe-shafe har wata shida.

Bakin mahaifa

Wannan sankara ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo ta. Ana ɗaukarta ta hanyar kwanciya, kuma ta yaɗu ƙwarai, don haka samunta ba shaidar lalata ba ce, kada a zargi kowa. Takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma a tsawon lokacin nan mace ba ta jin komai. To nan ne amfanin gwaji. Idan aka shafa ruwan khal, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari cikin minti ɗaya, sai a kashe shi da zafi ko da sanyi, sau da yawa a ranar. Ana so mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25.

Ga 'ya'yanmu kuma akwai rigakafi. Nijeriya ta fara allurar HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, ta iso Jihar Kaduna a 2024. Allura ɗaya ce.

Idan an tura ki gaba

In ma'aikaciya ta ga abin da ba ta gamsu da shi ba, za ta ba ki takarda zuwa babban asibitin Ikara ko na Maƙarfi, daga nan kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen masu sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a kammala binciken mama cikin kwana 60. Saboda haka kada takardar nan ta kwana a ƙarƙashin katifa ana jiran kaka ta yi.

Idan kunya ce, kina da damar ki nemi mace ta duba ki. Ki yi wa maigida bayani dalla-dalla, ki nuna masa cewa kuɗin mota zuwa Zariya yau ya fi sauƙi a kan sayar da gona gobe. Ranar da kika je awo ko rigakafin yara, ki tambayi ma'aikaciya ko suna gwajin bakin mahaifa, in ba sa yi ta faɗa maki inda ake yi. Ki kuma ja abokiyar zamanki da surukarki ku tafi tare.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.